Tsibirinmu Ba Shi da Bayan Gari

Tsibirinmu ba shi da bayan gari.
Tsaya a tsakiyarsa ka jefa kwakwa gabas, teku za ta cafe,
jefa yamma, ita ce dai.
To ina ne "can" ɗin da ake cewa a kai shara?

Ni ce Bwenata, mai riƙe da makullin rumfar batura
a bakin kwata, nan Kiribati,
gefen cocin da iska ta yaye wa rabin rufi.
Ɗari biyu da sha ɗaya na ƙirga jiya:
na fitilar rana, na injin kwalekwale,
da ƙanana na rediyo cike da gwangwanin biskit uku.
Suna zaune bisa katako kamar baƙin da ba su da ranar tafiya,
suna fitar da farin gumi ta baki.

Mahaifina ya ce da ni:
ruwan shanmu kwance yake a kan ruwan gishiri
kamar mai a kan miya,
kamu biyu ka haƙa ka same shi.
Abin da ka zubar da safe
shi za ka ɗebo a guga da yamma.

Tokaruru bai ji ba.
Ya sa gatari ya fasa batir don ya ciri dalma,
ya narka ta a tukunyar da ake dafa kifi,
ya yi wa komarsa nauyi.
Komar ta nitse da kyau, ban musa ba.
Ruwan batir kuwa ya tsiyaye a yashi, taku bakwai daga rijiya.
Kafin wata biyu gwazan matarsa ya yi ja ya kwanta,
'yarsa Meere ta daina gudu da yara,
tana riƙe ciki, tana manta waƙar da ita ta koya musu.

Ban yi masa faɗa ba.
Mutumin da ke ɗauke da 'yarsa zuwa asibiti ba ya buƙatar faɗa.
Baro na ara na bi gida gida,
wasu suka ba ni, wasu suka ce na haukace,
wata tsohuwa ta ce nata kujerar zamanta ce.
Na saƙa mata tabarma, muka yi musaya.

Jirgi yana zuwa in ya ga dama.
Kyaftin ya ce busasshiyar kwakwa ke biyan kuɗin mai,
ba mataccen batir ba.
Na janye buhuna goma na kaina daga layi,
na ce a sa arba'in a gurbinsu.
Ya dube ni, ya dubi sama, ya sa hannu.
Shinkafar watan nan bashi ce.

Saura ɗari da saba'in da ɗaya.
Kuma jirgin da ya kwashe
shi ya sauke sababbi a cikin kwali mai sheƙi.

Ɗazu Meere ta zo, a hankali take tafiya har yanzu,
da ɗan batirin tocila a cikin ɓawon kwakwa,
ta riƙe shi nesa da jikinta kamar garwashi.
Ta ce, "Inna, wannan ma yana jiran jirgi?"
Na ce yana jira.
Na buɗe gwangwani na huɗu.