Kafin Ka Tayar da Ita

Mudansir, ga makullin, amma dakata,
kar ka murza shi tukuna.
Motar asibiti ce kafin in saye ta a gwanjo.
Na cire gadon majinyata na kafa nawa,
na rataye tukunya a ƙugiyar ledar ƙarin ruwa.
Shekara bakwai ita ce ɗakina, ita ce ofishina.
Zauna kan buhun dankalin nan ka ji.

Layi ɗaya ba ya kai mutum gari.
Wanda ke rawar kai a Taminus,
da ka wuce Bukuru sai ya yi gum kamar an yi masa rasuwa.
Ɗayan malalaci ne a cikin gari,
amma shi ya fisshe ni a bayan Kuru
daren da birki ya tsinke.

Sabis ɗan akuya ne, tudu yake so.
Kar inuwa ta ruɗe ka ka sauka kwari.
Hau Shere, juya hancin motar ya dubi fitilun Jos,
ɗaure 'yar na'urar intanet a bakin gorar nan,
ka tura ta sama ta taga.
Yara za su yi dariya. Ƙyale su.
Sanda biyu za ta koma huɗu.

Taswira, sauke ta tun kana gida.
Wata rana muryar cikin waya ta ce in yi dama,
dama kuwa tsohon ramin kuza ne,
ruwa kore shar, ba wanda ya san gindinsa.
Da Gyang ne, da fartanya a kafaɗa,
ya bubbuga min ƙofa: "Ɗana, ina zuwa?"
Tun ranar, in waya ta faɗi tata,
sai na nemi ta bakin mai fartanya.

Da damina ranar garin nan marowaciya ce.
Yi caji da hantsi, kafin hadari ya haɗo daga Rukuba.
Ka ji tsawa, zare komai.
Kwamfuta ba ta shiri da ramukan hanyar Vom:
kashe ta, naɗe ta a bargo, cusa ta tsakanin filo biyu
kamar ƙwan da za a kai Farin Gada.

Intanet ɗin kyauta na otal-otal ɗin Refil
rijiyar unguwa ce, kowa da gugansa.
Sha, amma kar ka ƙirga kuɗinka a bakinta.
Hoton inda ka kwana kuma,
sai ƙafarka ta bar wurin ka nuna wa duniya.

Saura guda. Ita na so in fara da ita, na kasa.

Ladidi ta yi wannan yawon da ni shekara huɗu.
Takan ɗauki muryarta tana karanto min farashin buhu,
tana tsokanar tuƙina,
tana dariyar nan da ke ƙarewa da tari.
Bayan mun kai ta makwanci, duk suna cikin kwamfuta ɗaya.
Na ce gobe zan kwafe.
Goben ta yi wata goma sha ɗaya.
A bakin dam ɗin Lamingo rufi ya yi yoyo cikin dare,
ɗigo-ɗigo, daidai kan teburin.
Mai gyara ya buɗe, ya hura, ya kanga kunne,
ya miƙo min ita da hannu biyu.
Bai karɓi ko sisi ba.

Abin da ba ka so ka rasa, ba shi gida uku:
kwamfuta, falash a aljihun rigarka,
da can sama inda ku yara kuke ajiya.
Yau, kafin magariba.

To, murza.
Giya ta biyu tana da gardama, lallaɓa ta.
Wancan zoben shayin da ke gefen sitiyari,
kofinta ne ya bar shi.
In ka zo wankin mota, ka kewaye shi.