Saƙon Lawali ga Ƙanensa Kafin Wasa

Tsahiru, in kun baro Damagaram da asuba
kar ka sauka neman shayi a Tasawa,
direban jami'a ba ya ƙirga kawuna.
Riƙe yunwarka har Cadawa.

Rigarku mai ruwan ɗorawa, ɓoye ta cikin wata
sai ka wuce ƙofar fili.
Ɗan kabu-kabu in ya shinshino baƙo
dala arba'in takan haihu ta zama ɗari.
Ka ce masa Bagalam
kamar a nan aka binne cibiyarka.

Inuwar yamma ta masu gida ce.
Ku rana za ku sha, ku zo da hula.
Ruwan leda, nemi na Barira,
ita kaɗai ke ba baƙo cikakken canji.

Bayan raga akwai tsoho mai kuge, Baba Na-Allah,
zai zagi golanku har kakar kakarsa.
Kar ka tanka.
Ni na tanka, shekara huɗu ke nan,
haƙorina na gaba yana nan cikin yashin Maraɗi.

In kun zura, yi ihu sau ɗaya ka zauna.
In an zura maku, bar alƙali ya huta,
shi ma motar haya zai hau.

Da an tashi, tsohon nan zai ja hannunka
zuwa wurin mai tsire, shi zai biya.
Ka ci, ka durƙusa ka gaishe shi.
Uban Barira ne.
Surukina ne yanzu.