Leda a Bakin Sanda

A Marwa, in rani ya shanye Mayo Kaliyawo,
kogin yakan ba mu aron gadonsa.
Nan nake kai Bidi da sanyin asuba.
Shekararsa biyu da wata huɗu,
bai san sirdi ba, bai ɗanɗani linzami ba,
ragama kaɗai ya sani, ita ma da gardama.

Kawu Jingi na zaune a gindin darbejiya,
ya miƙe ƙafar da wata goɗiya ta taɓa karyawa.
Ba ya taɓa igiya, baki ne aikinsa:
"Kar ka zuba masa ido, Barau.
Ba shi kafaɗa. Bar shi ya zo da ƙafarsa."

Ranar farko na ɗaura leda a bakin sanda,
baƙa, irin ta sayen tumatir.
Iska ta kaɗa ta sau ɗaya.
Bidi ya miƙe kan ƙafa biyu,
igiya ta ƙona min tafi, har yau da tabo.
Kawu ya ce, "Ka yi masa sallama da ihu.
Ja da baya.
Fara daga inda bai ji tsoro ba."

Taku goma na koma. Na ɗaga, na sauke.
Na ɗaga, ya yi firji, na jira.
Duk sa'ad da ya tsaya cak, sai ledar ta tafi,
ladan tsayuwa ke nan: a ƙyale ka.
Kwana shida kafin ta shafi gezarsa.
Ran na tara ya shinshine ta,
ya ji ba dusa a ciki, ya kau da kai.

Sai lema. Sai buhun masakwa a gadon baya.
Sai shuɗin tamfol shimfiɗe kan yashi
da ya rantse rijiya ce,
ya ɗora kofato guda, ya janye kamar ya taka garwashi.
Na koyi karatun kunne:
in sun kwanta baya, dakata,
in ɗaya ya juyo wajena, muna hira.
In ya lashi leɓe ya sauke wuya,
darasin yau ya zauna, a tafi gida.

Akwai abin da ban gaya wa Kawu ba.
Da can babur nake ja, haya, dare da rana,
har wata Laraba a hanyar Mindif
motar auduga ta yi oda a ƙeyata.
Na farka da ƙarfe a cinya.
Fasinjana bai farka ba.

Mako na bakwai Kawu ya nuna gada da haɓa:
"Kai shi ƙarƙashi, ya ji manyan motoci."
Muka tsaya a inuwar siminti.
Babura suka wuce, Bidi na korar ƙuda.
Sai ga ta, maƙare da farin kaya,
ta danna oda daidai kanmu.

Igiya ta fizga.
Na ce, "Ya zabura!"
Na duba: kofato huɗu na nan a yashi,
kunne ɗaya ga gada, ɗaya gare ni.
Hannuna ne.

Kawu ya tako da sandarsa, a hankali,
bai kalli cinyata ba, igiyar ya kalla.
"Abin da ke hannu, shi take kai wa doki.
Wannan ya haye. Saura mai riƙonsa.
Gobe ku tsaya taku goma daga gada."

Haka muke yi tun ranar.
Ban hau shi ba tukuna, ba gaggawa,
damina da saura, kogi bai nemi gadonsa ba.
In mota ta taho nakan ba ta kafaɗa,
Bidi ya hura min ɗumi a wuya
da ƙanshin harawa,
ya jira ni in sauke numfashi.

Yau taku bakwai ne.