Zari-Ruga

Ruwa ya ɗauke kwana uku a Rafindadi,
Inna ta fiddo akwatuna su sha iska,
ta baje kayana bisa igiya.
Ga jibgegiyar rigar sanyin nan
mai nauyin ɗan akuya,
wadda ba ta da ranar sawa a Katsina.

Ta laluba aljihu, ta zaro 'yar takarda,
ta ɗaga ta ga haske, ta juya:
"Wanga ta asibiti ce, ko ta bashi?"
Na ce tikiti ne, Inna. Na yi dariya.

Tomos ne ya saya mini,
abokin zamana a ɗakin gwaji,
ya ce wata bakwai kenan
ban san ko'ina ba sai aji da masallaci da gado.
Na bi shi, ba don so ba, don kunya.

Yayyafi kamar allura.
Mutane kamar an kife kasuwar Charanci cikin kwano,
duk sun buɗe baki da waƙa ɗaya,
ni kaɗai ne ban san baitin ba,
na rungume fulas ɗin shayina mai citta
kamar shi ne ɗan'uwana a duniya.

Sai ga ƙwallon. Wai ƙwallo!
Gwanda ce aka ɗinka wa fata,
in ta faɗi ba ta san hanya ba,
ta yi gabas, ta tuba, ta yi arewa,
kamar ni a makon farko, da taswira a hannu.

Ƙarti goma sha shida suka sunkuya,
suka sarƙe kafaɗa da wuya,
suka zama kunkuru guda mai ƙafa talatin da biyu,
tururi na tashi daga bayansa.
Can kuma suka cira ɗaya sama,
yadda muke ɗaga Sagiru bisa katanga
in mangwaron gidan alƙali ya nuna.

Na miƙe na yi ihu inda ba a ihu.
Layinmu duka ya waiwayo.
Wata tsohuwa mai jar hula ta dube ni,
ta ja rabin bargonta ta rufa mini gwiwa,
ba ta ce komai ba, ta mai da ido fili.

Abu guda ya hana ni sakat:
mai gudu ga fili a gabansa,
amma in zai miƙa, sai ya miƙa baya.
Na ja hannun Tomos: me ya sa?
Ya kwatsa mini a kunne, haka dokar take,
gaba da ƙafa, kyauta kuwa sai na baya.

Na yi shiru.
A aljihuna akwai rasit ɗin jiya,
kuɗin wankin kwanuka na dare goma sha biyu
da na tura don jarrabawar Mannir.
Na dubi wani da aka kayar cikin taɓo,
haɓo na zuba, mutum uku a kansa,
amma hannunsa wayam,
ƙwallon tuni ta yi gaba a hannun wani.
Yayyafin ya yi mini rana, Inna,
ba wanda ya gane abin da ke fuskata.

"To, wa ya ci?" in ji ta.
Wallahi na manta.
Ta ce, "Kai dai ka sha sanyin banza,"
ta jefa tikitin cikin gwangwanin maɓallanta,
ta danne murfi da tafin hannu.

Sallama daga zaure. Mannir ne,
da ambulan a hammata, sai sheƙi yake,
sun ce Satumba zai tafi.
Na sauke rigar daga igiya, na dunƙule ta,
ban ko juya ba,
na wurga ta ta gefen kafaɗa.

Ban ji ta faɗi ƙasa ba.