Kan da Ban Kitsa Ba

Shekara ashirin ina zaune gindin darbejiya a Ƙofar Baru,
kawunan matan Daura tsakanin gwiwoyina.
Na yi shuku, na yi kalaba, na yi zanen yawo.
Ina gane mai amosani tun ban tsaga ba,
ina gane wadda ta kwana kuka daga taurin wuyanta.
Kai ɗaya ne ya gagare ni,
kuma ni na haife shi.

Barira ta zo duniya cikin wata fata mai sheƙi,
ta yi sati uku tana saɓa.
Ran suna wanzami ya zare aska, ya duba, ya mai da ita kube,
ya ce, Hajjo, me zan aske?

Gashin na fitowa, ba wai ba ya fitowa ba.
Ya kai tsawon ƙwayar shinkafa sai ya karye.
Da safe in kakkaɓe shi daga matashi
kamar ƙaiƙayin gero,
in ɗebo man kaɗanya in bi ƙafafu, in bi baya,
inda fatar ta dare gida-gida kamar ƙasan tafki a bazara.
Kwano guda ba ya kai mu Juma'a biyu.

An ce na tsallake wani abu da tsohon ciki.
An ce baki ne. An ce in nemo kitsen damo.
Wata da kanta ke hannuna, rabi a tsefe,
ta ce, ikon Allah, ga ƙoshi ga kwanan yunwa.
Ban tanka ba.
Na dai ja mata gashin ƙeya fiye da yadda ya kamata.

Mun bi hanyar Mashi zuwa Katsina da asuba,
don rana ba ƙawarta ba ce:
minti goma a tsakar gida, kumatu sun tashi.
Likita ta ciri sili ɗaya ta sa ƙarƙashin madubinta,
ta ce in leƙa.
Na ga ratsi, haske da duhu, haske da duhu,
kamar saƙin da kakata ke ajiya a ƙasan adaka.
Ta tambaya ko ni da Lawandi 'yan'uwa ne.
Na ce ɗan baffana ne, tare muka ci ƙasa.
Ta ce kowannenmu ya riƙo rabin abin bai sani ba,
a jikin yarinyar suka haɗu.
Ta ce ba laifin kowa ba ne.
Lawandi bai ce uffan ba har muka wuce Mashi,
sannan ya sauka ya sayo mata laima ja.

Yanzu shekararta tara.
Rigar sallar da aka ɗinka tana da biyar har gobe tana shigarta.
Ƙanenta ya wuce ta da kai guda,
amma ita ke tsare shi ya wanke hannu,
ita ke riƙe lissafin bashina:
Gaje ɗari uku, matar mai chemis ɗari biyar tun watan azumi.

Da damina na same ta bayan rumbu
ta jera masara huɗu a cinya
tana kitsa musu gemu,
tana yi musu faɗa su daina motsi.

Jiya da la'asar ta ce, Inna, ke wa ke yi miki?
Na yi shiru, don babu.
Na zauna ƙasa, ta hau turmi.
Yatsunta masu kaushi suka shiga kaina,
tsagar ta karkace ta nufi kunne,
ta ja har na ga taurari.

Gobe akwai biki a Tudun Wada.
Zan tura ɗankwali baya kaɗan.
Duk wadda ta tambaya, zan gaya mata
makitsiyar ba ta yi sai rana ta faɗi,
kuma ba ta ba da bashi.