Matakala Ɗari da Sittin

Daga ƙofarmu zuwa bakin teku
matakala ɗari da sittin ne, a nan Valparaíso.
Na ƙirga su takalmina na ƙyalli,
na sake ƙirga su bayan ya huje.

Watan farko takarda guda na buga,
na raba ta gida arba'in kamar goron gayya:
kamfanin dakon kaya, gidan burodi, asibitin dabbobi,
duk baki ɗaya na yi musu,
har sunan wannan na bari a wasiƙar wancan.
Shiru.
Karnukan tudunmu ma in sun yi haushi ana amsa musu.

Goggona Ercilia, mai sayar da kifi a gaɓa,
ta karɓi takardar da hannu mai ƙarni.
Ta ce, “Genaro, ƙugiya ɗaya ba ta kama kowane kifi.
Wanda kake fako, ka san abin da yake ci?
Kuma wannan lambar wayar ta waye?
Bakwai ka sa inda ɗaya take.”
Wata guda ke nan wani bawan Allah
yana amsa kiran da aka yi domina.

Da na gyara, aka ce in zo Talata ƙarfe tara.
Na dogara da tsohon akwatin ƙarfe
mai sauke mutane daga tudu.
Ranar ya ga dama ya ƙi motsi.
Ba a fafe gora ranar tafiya;
na isa da kwata a kai, gumi har aljihu.

Madam Olguín ta dubi agogo, sannan ta dube ni.
“Me ka sani game da mu?”
Na ɗaga ido, ga hoton jirgi a bango.
Na ce, “Jiragenku sun cika teku.”
Ta ce, “Shekara shida da muka sayar da na ƙarshe.”

A wani ofis na rubuta ina jin Fotugis.
Mutumin ya yi murmushi, ashe ɗan Santos ne,
ya saki harshe kamar an ɓalle famfo.
Na gyaɗa kai, na gyaɗa kai,
ashe tambaya ce yake yi.
Ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar na auna shi da tsawona.

Na uku ya ce, “Me ya raba ka da tsohon maigidanka?”
Na zazzage masa buhu: rowa, faɗa, rashin ta ido.
Ya bari na gama tsaf.
Ya ce, “Ranar Lahadi tare muke cin abinci, surukina ne.”

Daren nan ban hau matakalar ba sai da hazo ya sauko.

Goggo ba ta yi faɗa ba, littafin bashinta ta yaga,
ta miƙo min rabin da babu rubutu.
A ciki nake sa sunan wuri, da abin da suke yi,
da tambaya biyu da ni ma zan yi musu.
Wasiƙa biyar a mako, kowacce da fuskarta,
sai maƙwabcinmu Amaro ya karanta kafin ta fita.
Hanya kuwa tun jajibiri nake taka ta da ƙafa.

A gidan sanyin da ake adana inabi
suka tambaye ni abin da ban iya ba.
Na ce, “Ban sani ba, amma ku ba ni mako biyu.”
Washegari na aika godiya, layi uku kacal.

Yanzu ƙarfe biyar na asuba nake sauka,
da rigar sanyi biyu da littafin ƙirga akwatuna.
Albashin bai kai mafarkina ba.
Goggo ta ce kifin farko ba a tambayar nauyinsa.
Matakalar dai tana nan ɗari da sittin,
ni ne na daina ƙirgawa.