Idon Tukunya

A Dadin Kowa, can bayan gidanmu,
inda Baffa ya girka tukunyar tururi
shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarsa,
akwai siririn gilashi, tsawon tafin hannu.
Shi ne idon tukunyar.
Ruwa ya tsaya a tsakiyarsa, gumin shinkafa ya yi kyau.
Ya yi ƙasa, ƙarfe ya ƙone.
Ya yi sama, tururi ya fito sharkaf.

Ran Laraba ruwan ya soma rawa.
Ya haura har ya ɓace mini,
ya faɗo kamar gugan da igiya ta yasar,
ya sake hawa.
Buhu arba'in na matan Hinna na jiƙe suna jira,
ni ko ina tsaye gaban gilashi,
kaina sama da ƙasa kamar na ƙadangare.

Na ce ko wuta ce ta yi yawa,
na janye ɓuntu daga murhu. Bai fasa ba.
Na bari ta huce, na kwance famfon ƙasa, na zura waya,
laka ta fito ja, irin ta bakin Gongola,
na ce to, ga ɓarawon.
Na hura wuta. Ruwa ya koma tsallensa.
Na zargi injin da ke turo ruwa,
na zargi bututun da ke mayar da shi,
na zargi Manu mai ɗebo mana,
na yi masa faɗa gaban mutane
har ya ajiye jarka ya tafi bai ce uffan ba.

Da la'asar Gidado ya iso a kan keke,
tsohon da ya ƙarar da jinsa a gidan gurzar auduga.
Bai taɓa sifana ba.
Ƙananan tukwane biyu ya ce a kawo:
ɗaya ruwan randa, ɗaya na cikin tukunyar.
Ya ɗora su kan garwashi, ya zauna yana ɓare goro.
Na randa ya tafasa da ladabi.
Ɗayan ya kumbura, ya yi kumfa, ya kashe rabin wutar.

Ya ce, wa ya taɓa bututu kwanan nan?
Na ce ni, na sauya guda makon jiya.
Me ka shafa wa bakinsa?
Na yi shiru.
Baƙin mai ne, cokali biyu, don ya ɗauru da sauƙi.

Ya ce mai ya shimfiɗu a kan ruwa kamar tabarma,
tururi na neman ƙofa ya rasa,
sai ya ɗaga ɗakin gaba ɗaya.
Gilashin nan bai yi maka ƙarya ba, yaro,
abin da ya gani ya faɗa.
Kai kana ta zubarwa ta ƙasa,
alhali mai ba ya nutsewa.

Muka buɗe toshiyar sama.
Wuta kaɗan, kada ya tafasa.
Ruwa na shiga a hankali,
na sama na tsiyaya, siriri kamar tsinken tsintsiya.
Magariba ta wuce, isha ta wuce,
bokiti na cika, fuskarsa na walƙiya da bakan gizo.
Sau uku na ce ya isa,
sau uku Gidado bai ji ba,
ko ya ji ya ƙyale ni.

Wajen ƙarfe ɗaya muka rufe, muka ƙara ɓuntu.
Ruwa ya hau tsakiyar gilashi ya zauna,
yana ɗan motsi kaɗan
kamar ƙirjin jariri mai barci.

Gidado ya karɓi mudu biyu, ya ƙi kuɗi.
Ni kuma da asuba, kafin matan Hinna su iso,
na wanke hannuna da toka,
na nufi ƙofar gidan su Manu.